Sawu a Garejin Hajiya Mairama

Ranar Juma'a, tsakanin kiran salla da sallamewar liman, wani ɗan abu na ƙarfe da roba wanda bai fi dunƙulen hannu biyu ba ya ɓace daga garejin Hajiya Mairama a unguwar Hindawiyya da ke Makka. Kafin a kwashe kwanukan abincin rana unguwa ta riga ta samu ɓarawonta, ta yanke masa hukunci, saura kawai a gaya masa.

Abin da ya ɓata sunansa adafta, kuma ta Rakan ce, ɗan Hajiya tilo. Wata takwas da suka wuce Rakan ya sayi mota mai aiki da lantarki ta hannun wani dillali, yana ta murnar ya yi araha. Sai da ya kai ta ƙasan benen da yake haya a Awali, inda aka kafa wa masu haya caja guda ta kowa da kowa, sannan ya gane inda arahar take. Bakin motarsa daban, kan cajar daban, ko da guduma ba za su haɗu ba. Mai bene ya ce ba wanda zai ƙara masa wata waya a bango. Dole Rakan ya kai cajar da ta zo da motar tsohon gidansu, aka kafa ta a garejin mahaifiyarsa. Tun daga nan sau uku a mako yake ratso gari ya jona motar, ya zauna awa shida yana jira ta ƙoshi. Adaftar ce za ta raba shi da wannan jeka-ka-dawo, don ita ke shiga tsakani ta haɗa bakin motar da cajar benensu. Mako shida ya yi yana jiranta, ta iso Alhamis, ta ɓace Juma'a.

Wanda aka ɗora wa laifin shi ne Abdulwasi'u, mutumin Zariya, mai kula da gidan Hajiya da wanke mota. Ikamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, da sunan Rakan take.

Shi ne ya hau matakala hawa huɗu zuwa ɗakin wani dattijo mai suna Yari a saman wani tsohon bene. Ya tarar da tsohon yana cin shinkafa a cikin tukunyar da ya dafa ta. Yari ya lalubo cokali na biyu a bayan kanta, ya hure masa ƙura, ya miƙa. Abdulwasi'u bai karɓa ba.

Yari ya doshi saba'in. A ƙuruciyarsa, can ƙasar Adar ta Nijar, in aka kore raƙumi ko saniya shi ake kira. Yakan dubi ƙasa ya ce ɓarayi uku ne, ɗaya yana ɗingishi, kuma a je a tarar haka ne. Ya zo aikin hajji shekara talatin da suka wuce, zama ya kama shi. Matarsa Saudat ta rasu nan Makka, 'ya'yansa biyu suna can garin Tawa, suna aiko masa saƙon murya ranar salla. Yanzu gadin wani sito yake yi, a garin da aka shafe da kwalta da tayil, inda dubban mutane za su wuce ba su bar sawu ɗaya ba. Har gobe ba ya tafiya sai kansa a ƙasa, mutane suna yaba masa tawali'u.

"Baba, Rakan ya ce in ba ta fito kafin magariba ba, zai kai balagi, ya yi ƙarata wurin shurɗa, 'yan sanda," in ji Abdulwasi'u. "Ka san abin da ke biyo baya. Kurkuku, sai jirgi, shi ke nan ni da ƙasar nan har abada. Ga tsohuwata za ta zo umara wata mai zuwa. Shekara tara ban ga fuskarta ba sai a waya. In ta sauka Jidda wa zai tarbe ta?"

"Ka ɗauka?"

"Baba, wallahi tallahi..."

"Ban ce ka rantse ba. Tashi mu tahi."

Sun iske Rakan a bakin gareji, farar tobinsa ta Juma'a ta jiƙe da gumi, maƙwabta huɗu suna taya shi fushi. Hausar Rakan irin ta 'ya'yan da aka haifa a nan ce, rabi Larabci, sauran rabin kuma da ƙyar.

"Ya Ammi Yari, bai kamata a wahalar da kai ba. Magana halas ce, ta ƙare." Ya lissafa da yatsu. Da safe ya zo ya jona mota, ya nuna wa Ummi adaftar, ya mayar da ita kwalinta a kan kantar da ke ƙuryar gareji. Ƙarfe goma Abdulwasi'u ya wanke mota ya kulle ƙofa. Shi Rakan ya tafi masallacin unguwa a ƙasa. Da ya dawo, kwali na nan, ba komai a ciki, kuma ba a taɓa kwaɗo ba. "Makulli biyu ne, nawa da nasa. Kuma dubi ƙasa da kanka, tunda kai ne malamin ƙasa."

Yari ya duba, kuma Allah Ya sani ransa ya ɗan yi sanyi, don rabonsa da ganin ƙasa mai magana haka ya daɗe. Ƙurar gine-ginen da ake yi a bayan unguwa ta kwanta a siminti, ruwan wankin mota ya mayar da ita laka marar kauri, zafin rana ya gasa ta. Sawun silifas ɗin roba ya zagaye motar, wannan na wanki ne. A kansa kuma ga wani sawu daban, na babban takalmin fata mai ɗinki a gefe, ya shigo daga ƙofa zuwa kanta, ya koma.

"Takalmin Abuya ne, Allah Ya jiƙansa," in ji Rakan. "Ummi ta ba wa wannan sadaka, shi yake sawa duk Juma'a. Ga shi nan a ƙafarsa."

Kowa ya dubi ƙafar Abdulwasi'u. Takalmin marigayi Alhaji Hashimu ne, mahaifin Rakan, ba musu.

"Ina ka yi salla?" Yari ya tambaye shi.

"Harami, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Duniya ta gan ni. Ba dai wanda ya san ni."

Yari ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwantar da kunci har ya kusa taɓa siminti. Ya auna tsakanin sawu da sawu da taƙin hannunsa. Ya daɗe a gefen motar, wajen da wayar caja ta shiga bakinta. Da ya miƙe sai ya ce kada kowa ya taka wurin, kuma a ba shi zuwa kafin magariba.

Bayan la'asar ya fara da Marwan, ɗan tasin da ke gida na uku. Shi ma dillalin nan ya yi masa araha, irin motar Rakan sak, kuma da soket ɗin ɗakin girki yake cajinta, yini da kwana kafin ta cika. Kowa ya ji shi ranar Alhamis yana roƙon Rakan aron adaftar a waya.

"Na roƙa, ya hana. Roƙo ya zama sata, ya Ammi?" Marwan ya faɗa yana goge gilashi da ƙarfin da gilashin bai nema ba. Shi ma takalmin fata ne a ƙafarsa. Yari ya ce ya taimaka masa da ruwan sha, ya bi shi da ido yana ratsa yashin da magina suka zubar. Ƙato ne mai tafiya da ƙafa a warwatse, kowane sawu kamar an ajiye turmi. Yari ya sha ruwan ya yi godiya.

Daga nan sai shagon Idris mai gyaran wuta, wanda ya kafa cajar. Makullin gareji ya taɓa kwana biyu a hannunsa lokacin aikin, kuma yana sayar da irin waɗannan kaya.

"Ni in sace wannan tarkacen? Na gaya wa Rakan tun farko, irin su zafi suke yi, gara ya ci gaba da cajarsa ta asali. Ko Hajiya da ta kira ni jiya haka na faɗa mata."

"Hajiya ta kira ka?"

"Bayan la'asar. Ta ce wai mene ne aikin abin da Rakan ya ce mata ya iso. Na ce da shi motar za ta sha wuta a Awali. Ta ce in babu shi fa? Na ce sai dai nan gida, kamar kullum. Ta yi min addu'a ta kashe."

Yari ya fito yana tafiya a hankali fiye da yadda ya shiga.

Ƙofar gidan Hajiya tana daura da ta gareji. A bakinta, kan dakali, ga takalmin fata na namiji an jera shi tsaf, hancinsa yana kallon ciki. Matan da suke zaune su kaɗai a unguwar nan sukan yi haka, don baƙon da ya zo wucewa ya ɗauka mai gida yana nan. Alhaji Hashimu abokin Yari ne, kuma Yari ya san halinsa: in takalmi ya yi masa daɗi, biyu yake saya. Shekara huɗu takalmin nan yana gadin ƙofa, har ido ya daina ganinsa, har idon ɗan gidan.

Ya ɗaga ɗaya. Busasshiyar laka ta manne a gaban tafin, dunduniyar kuwa da kyar ta shafa. A ciki, inda ƙafa ke zama, ƙura ta goge daga yatsu zuwa tsakiya kawai, ta bar bayan yadda yake. Ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka, ya yi sallama.

Hajiya Mairama ta sa aka shimfiɗa masa darduma a zaure, ita tana bayan labule, ta turo tiren shayi da dabino. A jikin ƙusa bayan ƙofa Yari ya ga makulli na uku, wanda ba wanda ya ƙirga. Gidan shiru, sai ƙarar fanka da ƙanshin miyar kuka, irin wadda Rakan yake so tun yana yaro.

Suka gaisa, suka yi wa matattu addu'a. Ta lissafa masa maƙwabtan da suka tashi, waɗansu Ka'akiyya, waɗansu Jidda, waɗansu lahira. Ya bari ta gama.

"Hajiya, yaron ga Abdulwasi'u za a kai wa shurɗa."

"Na ce wa Rakan ya bar maganar. Abin da ya ɓata ya ɓata."

"Ba shi bari. In aka kai yaron, ba shi ƙara ganin Ka'aba. Uwarsa kuma tana hanya."

 Daga bayan labule ta ce, "Malam Yari, kai 'ya'yanka suna zuwa?"

"A'a."

"To ai ka sani."

Ya sani kuwa, kuma abin ya yi masa ciwo, don da a ce akwai wani ɗan ƙarfe da zai ɓoye ya jawo 'ya'yansa daga Tawa, bai da tabbacin zai bar shi a kan kanta. Ya shanye shayin duk da ba ya jin ɗanɗanonsa.

"Yanzu zan tara su a gareji," ya ce. "Zan yi iyakar yi in hidda yaron ba tare da sunan kowa ba. In bai yiwu ba, Hajiya, ki gahwarce ni."

Rana ta yi ja lokacin da suka hallara: Rakan da wayarsa a hannu, Marwan, Idris, maƙwabtan nan huɗu da suka zama tara, da Abdulwasi'u a rakuɓe. Yari ya yayyafa ruwa a ƙurar da ke gefen da ba a taka ba, ya jira ta sha, ya ce wa Abdulwasi'u ya ratsa.

"Ku dubi nan," ya ce. "Wagga ƙahwa ta cika takalmi. Dunduniya ta nutse, taku mai nisa, taƙi huɗu da rabi. Yanzu ku dubi wancan. Gaba ya nutse, baya bai taka ba, sai dai ya ja ƙasa, don takalmin ya hi ƙarhin mai shi. Taku taƙi biyu. Takalmin babba ne, ƙahwar ƙarama." Ya matsa gefen mota. "Nan kuma ya tsaya, ƙahwa biyu a haɗe, yana kallon inda waya ta shiga. Ya daɗe har laka ta hito ta gehe. Na bi ɓarayi shekara ashirin, ban taɓa ganin wanda ya tsaya kallo ba."

"To wane ne?" in ji Rakan.

"Aikina in ce maka ba wanga ba ne."

Rakan ya girgiza kai. "Ya Ammi, da girmanka, shurɗa ba sa karatun laka. Takalminsa ne, makullinsa ne, ba shi da shaida. Ni ba zan bar harami, ɓarawo, a gidan Ummi ita kaɗai ba." Ya fara danna waya.

Yari ya dubi Abdulwasi'u, wanda leɓunansa ke motsi ba sauti. Sannan ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya, yadda za a ji daga zaure.

"Rakan, ubanka takalmi biyu ya bari."

Yatsan Rakan ya tsaya. Sai aka ji ƙofar gida ta buɗe, aka ji tafiya tana tahowa a hankali, dunduniyar takalmi tana jan ƙasa. Hajiya Mairama ta shigo cikin baƙar abaya, 'yan ƙafafunta sun ɓace a takalmin mijinta, tana rungume da farin ƙunshi. Duk wanda ke wurin ya san irin wannan yadin. Likkafaninta ne, wanda ta wanke da zamzam ta ajiye a ƙasan akwati. Ta ɗora shi a kan motar ta warware, adaftar tana tsakiya.

"Lesh, ya Ummi?" Da Larabci Rakan ya tambayi dalili, muryarsa ta koma ta yaro.

Ita da Hausa ta amsa. "Kafin ka sayi motar nan, sau nawa ka shigo gidan nan a shekara? Ƙaramar salla, babbar salla, da ranar da famfo ya fashe. Da Allah Ya kawo ta, sai ga ka Lahadi, ga ka Talata, ga ka Juma'a. Ka ci abinci, ka yi barci a ɗakin ubanka, in ji minsharinka. Na san ba wurina kake zuwa ba, Rakan, ni ba yarinya ba ce. Amma awa shida awa shida ce." Ta juya ga Abdulwasi'u. "Kai kuma ɗana, na ci amanarka. Na ɗauka za a yi faɗa a manta. Ka yafe min don Allah."

Abdulwasi'u ya durƙusa yana kuka yana cewa ba komai, Mama, ba komai. Maƙwabta suka fara tuna cewa magariba ta gabato, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Rakan ya sumbaci kan mahaifiyarsa, ya sumbaci hannunta, ya rantse duk Juma'a a nan zai yini, da mota ko ba mota. Ya nemi gafarar Abdulwasi'u har sau uku. Da gaske yake yi, Yari bai yi shakka ba. Ya dai ga lokacin da ya ɗauki adaftar ya sa a aljihun mota.

Mahaifiyar Abdulwasi'u ta zo umara, ɗanta ya tarbe ta a Jidda, ya tura ta a keken tsofaffi ta yi ɗawafi, ta koma gida lafiya. Ta bar wa Yari ƙullin daddawa da yaji. Ranar da ya je karɓa, wata Talata da hantsi, ya tarar da ƙofar gareji a buɗe, Abdulwasi'u yana zaune a waje da tsintsiya a kan cinya.

"Hajiya ta hana ni share shi, Baba. Kullum sai ta sa na buɗe, amma ta ce kar tsintsiya ta shiga."

Yari ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko buƙaci durƙusawa ba. Wayar caja tana naɗe a jikin bango. A ƙasa ga sawun taya biyu, na ƙarshe, gefensu ya fara ruftawa, ƙura ta yi musu mayafi. Ya ba su kwana goma sha tara, kuma ya san bai yi kuskure da fiye da kwana ɗaya ba. A gefensu wata 'yar hanya ta fito, ta sawun babban takalmi mai jan dunduniya, sabo a kan tsoho, ta bi tsawon inda mota ke tsayawa ta dawo. Ko sau ɗaya ba ta taka sawun tayar ba.

Ya yi niyyar komawa ɗakinsa, har ya juya. Sai ya tsaya a dakalin gidan, ya cire takalminsa ya ajiye kusa da na Alhaji Hashimu, ya ƙwanƙwasa.

Daga can ciki ya ji ƙafa ta taso da sauri, saurin da bai dace da shekarunta ba. Ya yi sallama. Tafiyar ta tsaya cak, sannan ta ci gaba a hankali har bayan labule.

"Malam Yari ne," ta ce. "Shigo zaure. Yau Talata, na sake dafa abinci da yawa."